Tambaya da Amsa: Tsofaffin Taswirorin Duniya da Abin da Suke Shaidawa

A wannan fitowa mun haɗa wasiƙu biyar da suka iso mana a lokuta daban-daban, daga garuruwa daban-daban, amma dukkansu suka taru a kan batu guda, wato tsofaffin taswirorin duniya masu nuna iyakokin ƙasashe, irin waɗanda a da ake ratayawa a bangon aji, yanzu kuma aka koma sanya su a firam ana ƙawata falo da ofis da su. Mun taƙaita wasu daga cikin wasiƙun saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA, daga wani mai karatu a Zariya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, tsohon hedimasta ne, kuma da muka zo rabon kayansa sai muka tarar da wata babbar taswirar duniya a nannaɗe bayan akwatin littattafansa. An manna ta a kan ƙyalle, da sanda sama da ƙasa, amma gara ta cinye kusurwar da ya kamata a ga shekarar da aka buga ta. A cikinta na ga Gold Coast a inda Ghana take, na ga French West Africa ta haɗe Nijar da Mali da Senegal, na ga Anglo-Egyptian Sudan, na kuma ga Pakistan. Ko akwai hanyar da za a gane shekarunta?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya kyautata makwancinsa. Hanya akwai ta, kuma ka riga ka yi rabin aikin da sunayen nan huɗu da ka kawo. Yadda dillalin dabbobi ke buɗe bakin rago ya duba haƙora ya faɗi shekarunsa, haka ake yi wa taswirar siyasa, sai dai ita sunayen ƙasashe da na manyan birane ne haƙoranta. Ana neman sunan da ya fi kowanne sabunta a cikinta, domin ba za a buga taswira kafin a haifi ƙasar da ke jikinta ba, sannan a nemi tsohon sunan da ya riga sauran gushewa, shi kuma ya ba da ƙarshen lokacin.

An kafa Pakistan a watan Agustan 1947, saboda haka taswirarku ba ta girmi wannan shekara ba. Gold Coast ta zama Ghana ranar 6 ga Maris, 1957, amma Sudan ta riga ta, domin ranar 1 ga Janairu, 1956 ta fita daga mulkin haɗin gwiwar Ingila da Masar, sunan Anglo-Egyptian Sudan ya tashi daga aiki. Ke nan zanen taswirar ya faɗo tsakanin ƙarshen 1947 da ƙarshen 1955. Idan kana son matse wannan tazara, sake shimfiɗa ta ka duba wurare huɗu. In ka ga Indonesiya a madadin tsibiran da ake jinginawa ga Holan, to ta wuce 1949. In Libiya ta fito a matsayin ƙasa mai cin gashin kanta, ta wuce Disambar 1951. In an haɗa Rhodesia biyu da Nyasaland a tarayya guda, ta kai 1953, in kuma har yanzu French Indo-China na nan ba a raba ta ba, da wuya ta wuce 1954. Ka kuma lura da gefen gabashin Najeriya, inda za ka iya ganin wani siririn yanki na Kamaru da Ingila ke riƙo. Sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 ne arewacinsa, wato su Mubi da Gembu, ya shigo Najeriya aka kira shi Lardin Sardauna, kudancinsa kuma ya bi Kamaru.

Sai dai a yi hattara da abu guda. Kamfanonin buga taswira ba su cika gaggawar gyara ba, saboda sauya farantin bugu kuɗi ne, don haka sukan ci gaba da sayar da tsohon zane shekara biyu ko uku bayan duniya ta sauya. Abin da sunaye ke nunawa shi ne lokacin da aka yi zanen, ita takardar tana iya zama ƙanwarsa da 'yan shekaru. Duba sauran kusurwoyin da gara ta bari ko za ka ga sunan kamfani. Yawancin taswirorin makarantun zamanin Turawa a Najeriya daga Birtaniya suka zo, daga kamfanoni irin su George Philip na Landan ko W. & A. K. Johnston na Edinbara.

Sauran masu karatu da ke da irin wannan gado za su iya bin hanyar nan da wasu alamomin. Taswirar da ta raba Najeriya ta Arewa da ta Kudu a matsayin ƙasashe biyu ta girmi haɗewar 1914, wadda kuma ta sa Zinder, wato Damagaram, a matsayin babban birnin Nijar ta girmi 1926, shekarar da aka mayar da hedikwata Yamai. Hijaz da Najad sun zama Saudiyya a 1932, Fasha ta koma Iran a 1935, Fort-Lamy ya zama N'Djamena a 1973, Dahomey ta zama Benin a 1975, Upper Volta ta zama Burkina Faso a 1984. Zaire kuwa daga 1971 zuwa 1997 kaɗai ta rayu. Shekarar 1991 tana da sauƙin riƙewa, domin a watan Disambarta ne Tarayyar Sobiyet ta wargaje, a cikinsa kuma gwamnatin Najeriya ta tare a Abuja daga Legas.

TAMBAYA, daga wani ɗan kasuwa a Kano: Wani ya tallata mini taswirar Afirka a Facebook, ya ce ta fi shekara 300, kuma lallai akwai shekara a rubuce a jikinta. Takardar ta yi ruwan ƙasa, gefunanta kamar sun ƙone. Kuɗin da ya sa mata ba kaɗan ba ne. Ta yaya zan bambance ta asali da ta kwaikwayo, kuma gaskiya ne ana samun dukiya a irin wannan kaya?

AMSA: Alhaji, gefunan nan da ka ce kamar sun ƙone su ne suka fara sa ni shakka. Tsufa ba ya ƙona gefen takarda daidai wa daida ta kowane ɓangare. Masu yin kayan ado ne ke bi da wuta, su jiƙa takardar da ruwan shayi domin ta yi kama da tsohuwa. Shekarar da ke rubuce kuma ba hujja ba ce, tunda duk wanda ya ɗauki hoton tsohuwar taswira ya sake bugawa, da shekarar zai buga.

Yawancin taswirorin Turai na ƙarni na 16 zuwa na 18 da farantin jan ƙarfe ake buga su. Mai sassaƙa zai tona zanen a jikin farantin, a cusa tawada cikin ramukan, a ɗora takarda mai ɗan danshi a matse da ƙarfi, shi ya sa bakin farantin ke barin wani ɗan kwari mai kusurwa huɗu kewaye da zanen, wanda yatsa ke ji in an shafa. Ita takardar da hannu ake yin ta daga tsummoki, kuma in ka ɗaga ta wajen haske za ka ga siraran layuka a jere cikin jikinta, wani lokaci har da tambarin masana'anta a ɓoye. Wanda ya taɓa riƙe tsofaffin littattafan malamanmu na zaure ya san wannan, domin da yawansu a kan takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku aka rubuta su. Yawancin waɗannan taswirori kuma daga cikin manyan littattafai aka ciro su, saboda haka za ka tarar da alamar ninki a tsakiya, sau da yawa da rubutun Latin ko Faransanci ko harshen Holan a bayansu, kuma faɗinsu ba ya cika wuce kamu ɗaya da 'yan kai. Launin da ke jiki da hannu aka shafa shi, yakan ɗan tsallake layi nan da can.

Gwajin da ya fi sauƙi shi ne na gilashin ƙara girma, ko ma kyamarar wayarka in ka matso da ita sosai. Bugun zamani, ko na injin ɗab'i ko na firinta, da ƙananan ɗigo-ɗigo masu launi yake haɗa hoto, layin tsohon faranti kuwa a miƙe yake baƙi ƙirin babu ɗigo. Duk waɗannan sai kaya na hannunka za ka iya duba su, don haka shawarata ita ce kada ka tura ko sisi a kan hoto kawai, sayen kifi a ruwa ke nan.

Batun dukiya kuwa, akwai gaskiya a ciki, amma ga 'yan ƙalilan. Taswirar da Martin Waldseemüller ya buga a 1507, wadda ita ce ta fara ɗaukar sunan Amurka, kwafi ɗaya tak ya rage a duniya, kuma ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya kammala sayenta a 2003 kan dala miliyan 10. Ƙarancinta da matsayinta a tarihi ne suka kai ta wannan farashi. Taswirar makaranta ta ƙarni na 20 dubbai aka buga ta, ta littafin ƙarni na 19 ma haka, don haka kuɗinsu a kasuwa matsakaici ne, kuma yaga ko tabon ruwa na ƙara karya shi. In don ado kake so, sabon bugu ba laifi ba ne, muddin an sayar maka da shi a farashin sabon bugu.

TAMBAYA, daga wata malamar makaranta a Maraɗi: A makarantarmu akwai tsohuwar taswirar duniya ta zamanin Faransawa. Ɗalibaina sun lura cewa Turai da Rasha sun cika fuskarta, Afirka kuma ta tsuke, har tsibirin Greenland ya kusan kai girmanta. Shin da gangan aka yi haka don a raina mu? Kuma ya dace a ci gaba da rataya taswirar da ke nuna ƙasarmu a matsayin mallakar wasu?

AMSA: Malama, ɗalibanki suna da ido, kuma tambayar tasu gida biyu ce. Ta farko ta lissafi ce. Duniya dunƙulalliya ce, takarda kuwa shimfiɗaɗɗiya, kuma duk wanda ya ce zai baje ƙwarya a ƙasa ta kwanta sumul, dole ko dai ta fashe ko ya jawo wasu sassanta su miƙe fiye da ƙima. Kowane mai zana taswira sai ya zaɓi abin da zai sadaukar, ko siffa, ko girma, ko nisa. Gerardus Mercator, mutumin Flanders, ya fitar da nasa salon a 1569 domin matuƙa jiragen ruwa, kuma abin da ya nema shi ne matuƙi ya ja miƙaƙƙen layi daga tasha zuwa tasha ya bi shi da alƙibla guda ba tare da sauyawa ba. Ya cimma wannan, amma sakamakonsa shi ne ƙasa na ƙara kumbura gwargwadon nisanta daga layin da ya raba duniya biyu. A wajajen Oslo da Helsinki faɗin ƙasa na fitowa ninki huɗu na haƙiƙaninsa. Afirka, da yake layin ya ratsa ta tsakiyarta, ita ba ta samu wannan ƙari ba. A zahiri faɗinta ya kai murabba'in kilomita miliyan 30, wato kusan ninki 14 na Greenland, kuma Nijar kaɗai ta ninka Faransa sau biyu har da ɗoriya, Najeriya kuma ta kusan ninka Birtaniya sau huɗu.

A ganina Mercator bai zauna ya ƙulla wa Afirka sharri ba. Inda zargi ya hau shi ne kan waɗanda suka ɗauki taswirar matuƙan jirgi suka mayar da ita ta koyar da yara labarin ƙasa shekara da shekaru, alhali akwai wasu salo da ke kiyaye girman ƙasashe. Ba su ga dalilin sauyawa ba, tunda hoton ya yi musu daɗi. Masu buga taswira a Ingila sun saba shafa wa duk ƙasar da ke ƙarƙashin sarautarsu launin ja ko ruwan hoda, kuma a salon Mercator sai Kanada ta baje ta cika saman takarda, yaro ya ɗaga kai ya ga kamar rabin duniya na Ingila ne. An daɗe ana wannan muhawara: James Gall ya kawo wani salo mai daidaita girma a 1855, Arno Peters ya sake tallata shi a 1973, sannan a 2018 aka fito da wanda ake kira Equal Earth, wanda ya fi su kyawun gani.

Gida na biyu na tambayar shi ne wanda ya fi damuna, kuma amsata ita ce kada a sauke taswirar. Garinku ma kansa darasi ne. Sarakunan Katsina na Haɓe da jihadi ya kora su ne suka kafa zamansu a Maraɗi, kuma har yau dangi ɗaya ne a ɓangarorin biyu, amma a taswirar nan Katsina launinta daban, Maraɗi launinta daban. Layin da ya shiga tsakaninsu yana da tarihinsa. A 1890 Ingila da Faransa suka amince da iyaka daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a gaɓar Tafkin Chadi, ba tare da wakilansu sun taka yawancin ƙasar da suke rabawa ba. Firaministan Ingila na lokacin, Lord Salisbury, shi da kansa ya yi ba'a cewa suna ta ba juna kyautar duwatsu da koguna da tafkuna alhali ba su san takamaiman inda suke ba. A 1898 aka sake zana layin, aka ɗora tsinin abin zana da'ira a kan Sakkwato aka kewaya mil 100. Faransawa suka tarar cewa hakan ya tura hanyarsu ta zuwa Damagaram cikin ƙasar da babu rijiyoyi, suka nemi gyara, aka sake daidaitawa a 1904 da 1906, sannan ayarin Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamomi daga 1906 zuwa 1908. Yaron da aka nuna wa wannan a jikin tsohuwar taswira, da sabuwa a rataye kusa da ita, zai fahimci dalilin da ya sa kawunsa na Jibiya ke riƙe da takardun wata ƙasa fiye da yadda zai fahimta daga haddar shekaru. Abin da nake ƙi shi ne a bar ta ita kaɗai a bango babu mai yin bayaninta, yara su ɗauka yadda duniya take ke nan.

TAMBAYA, daga wani ɗalibin jami'a a Sakkwato: Shin ƙasar Hausa ta fito a taswirorin duniya kafin zuwan Turawan mulkin mallaka?

AMSA: Ta fito, ɗan'uwa, tun da daɗewa, ko da yake ba kullum a inda take ba. Masanan Larabawa ne suka fara sanya ƙasashen Sudan, wato ƙasashen baƙar fata da ke kudu da Sahara, a taswira. Al-Idrisi, haifaffen Sabta, ya kammala tasa a 1154 a fadar Sarki Roger na Biyu a tsibirin Sisili, da kudu a sama arewa a ƙasa kamar yadda suka saba, kuma ya ambaci Ghana ta da, da Kawkaw wato Gao, da Kanem. A taswirar Katalan ta 1375, wadda ke ajiye a babban ɗakin karatu na Faransa a Paris, an zana Mansa Musa na Mali zaune a kan karaga da curin zinariya a hannu.

Sunayen garuruwan Hausa kuwa sun shiga taswirorin Turai ne ta hannun Al-Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus. An haife shi a Garnaɗa, ya tashi a Fas, 'yan fashin teku suka kama shi suka kai shi Rum, kuma aka buga littafinsa na bayanin Afirka a Venis a 1550. Daga nan masu zana taswira suka kwashi sunaye suka yi ta maimaitawa fiye da shekara 200. Duk wanda ya duba taswirar Afirka ta shahararrun masu zanen taswira irin su Ortelius ko Blaeu zai ci karo da Cano, Casena, Zegzeg, Zanfara da Guber, waɗanda ba sai an fassara wa Bahaushe su ba. Ranar da na fara ganin Zegzeg a jikin irin wannan takarda na daɗe ina kallo, domin ga sunan Zazzau a rubuce tun ƙarnoni kafin wani ya ƙirƙiro kalmar Najeriya. Amma an jera garuruwan ne bisa hasashe, a gefen wani kogin Neja da ke malala yamma ya faɗa teku ta wajen Senegal, abin da ba haka yake ba. Sai a 1796 Mungo Park ya ga kogin a Segu yana gangarawa gabas, sai kuma a 1830 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka bi shi har bakin teku. Tsakanin waɗannan shekaru ma an ƙara wani kuskuren: a 1798 James Rennell ya zana wani dogon jerin duwatsu da ya kira Kong ya ratsa Afirka ta Yamma, aka yi ta kwafarsa kusan shekara 90, har Bafaranshe Binger ya je wurin a ƙarshen shekarun 1880 ya tarar babu su. Ganin duwatsun Kong a taswira alama ce mai kyau ta cewa zanen na ƙarni na 19 ne.

Tunda daga Sakkwato ka rubuto, ga abin da ya shafi garinku kai tsaye. Lokacin da Hugh Clapperton ya iso a 1824, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tattauna da shi a kan ƙasashe da koguna, kuma Baturen ya koma gida da taswirar yankin da aka zana masa a fadar, da rubutun Larabci a jikinta, wadda aka buga a Landan a 1826 cikin littafin da ya ba da labarin tafiyarsa. Bayan Clapperton sai Heinrich Barth, wanda aka sani a nan da Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, kuma bayanan da ya tara, da yawansu daga bakin fatake da malamai da alhazai, su ne August Petermann ya mayar taswira a Jamus. Saboda haka ilimin da ya cike farin filin da ke tsakiyar taswirorin Turai, kaso mai yawa nasa daga mutanen ƙasar nan ya fito, ko da yake sunayensu ba su hau takardar ba.

TAMBAYA, daga wata uwargida a Kaduna: Ina so in ƙawata falona da tsohuwar taswirar duniya. Ina ake samu, kuma yaya ake kula da ita?

AMSA: Hajiya, in ado ne manufa, hanya mafi sauƙi ita ce sabon bugu na tsohon zane. Tarin taswirorin David Rumsey da ke Jami'ar Stanford, da ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka, da shafin Gallica na Faransa, duk sun sanya dubban tsofaffin taswirori a intanet, kuma ana iya sauke da yawansu don amfanin kai. Zaɓi hoto mafi nauyi da shafin ya bayar domin ƙananan sunaye su fito a karanta, ki kai wa masu buga fasta, ki ce a kan takarda mai kauri marar sheƙi kike so, domin ledar da ake buga allunan talla da ita tana kashe kyan zanen. Wasu taswirorin ƙarni na 17 suna da hotunan mutane da na gumakan Girkawa a gefe, wasunsu ma babu sutura, don haka a duba da kyau kafin a buga in gidan ba ya son irin wannan. Zan kuma so a rubuta shekarar zanen da sunan mai shi a ƙasan firam ɗin, ko baƙo ya tambaya.

In kuwa ta asali ce, kamar ta mai tambayarmu na Zariya, to kulawarta daban. Abokan gabanta a ƙasarmu su ne rana, danshin damina, gara da kyankyaso, sai bushewar hunturu da ke sa tsohuwar takarda ta karye kamar busasshen ganye. Kada a rataya ta inda hasken taga ke dukanta, domin launin ja da ruwan hoda su ne ke fara koɗewa, kada kuma a jingina ta da bangon da ke jiƙewa in an yi ruwa, sai fumfuna ta kama bayanta. In za a sa ta a firam, a sa kwali marar asid tsakaninta da gilashi yadda ba za su taɓa juna ba. Babba mai sanda gwamma a naɗe ta sakwa-sakwa, zanen na ciki, a lulluɓe da farin ƙyalle mai tsabta, a ɗora a saman kabad nesa da ƙasa, a riƙa buɗewa ana dubawa farkon damina da ƙarshenta.

Salatif da gam da lamineshan kuwa a nisance su. Ni kaina na taɓa kai wata taswirar Najeriya mai jihohi 12, ta bayan 1967, wani shagon kwafi domin a lulluɓe mini ita da leda, ina ganin gata na yi mata. Zafin injin ya sa tsohon salatif ɗin da ke bayanta ya narke ya ɓullo ta gaba, wani tabo ruwan ƙasa ya kwanta tun daga Jihar Arewa maso Yamma har Binuwai-Filato, kuma da yake ledar ta riga ta manne da takardar, babu yadda za a cire. Inda ta yage a bar shi yadda yake, a ɗauki hotonta gaba da baya, sannan a nemi shawarar ma'aikatan da ke adana tsofaffin takardu, irin na Gidan Arewa ko na ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, waɗanda duka biyun a nan Kaduna suke.